Aron Akwati

A bene na uku, a tudun Valparaíso,
Ximena na zana wa wani masunci matakalar gida.
Laftof ɗinta ta tsufa.
Da ta juya zanen, allo ya sandare,
fanka na nishi kamar jaki da lodin gishiri.

Sai ga Baltasar maƙwabcinta,
baƙin akwati a hammata,
katin girafik a ciki, kebul ɗaya tal.
"Aro ne fa. Litinin zan karɓa."

Ta jona.
Matakalar ta juya sumul,
inuwa ta kwanta inda ya dace,
sai ga mataki na tara a karkace,
kuskuren da nawar na'ura ta ɓoye mata wata biyu.

Ko shayinta bai huce ba.
Litinin kuwa jibi ce.