Teburin Ƙarfe Biyu

Saura kwana uku salla
Sha'aibu ya shigo da sabuwar dabara.
Ya ce, "In za ku kai yara filin wasa,
ku kama tebur tun yau.
Ran salla kujerar roba ma sarauta ce."

Barira na tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.
Ta ce, "Tebur gudu yake, da za a kama shi?
Ni zogale na sani, da ƙuli-ƙuli,
ban taɓa jin dambu ya ce a yi masa waya ba."

Ni kuwa bara ce ta tsaya min a wuya:
muna cirko-cirko bakin ƙofar gilashi,
Habsu na ƙirga cinyoyin kajin mutane da ido.
Sai na buga.
Wata murya ta ce, mutum nawa? Na ce huɗu.
Ƙarfe nawa?
Nan na yi shiru.
Wa ya san lokacin da yunwa za ta yi sallama
a ranar da ko wayewa ba ta yi ba?
Na ce biyu. Ta ce jaka biyu kafin alƙalami.
Ɗan kabu-kabu ya kai,
ya dawo ya karɓi nasa.

Daga Bagalam muka taso da hantsi,
shadda na ƙara, takalmi na cizo.
Layin shiga, layin tikiti,
layin motocin nan masu karo da juna
inda Nafi'u ya buge ɗan wani sau tara
ya fito yana neman a yaba masa.
Ni ina duba agogo kamar mai jiran jirgi.

Biyu saura kwata suka hau babban lilo,
mai ɗaga mutum ya wuce kan bedi.
Suna kaiwa ƙololuwa wuta ta ɗauke.
Kiɗa ya mutu a tsakiyar baiti.
Aka ce a tada inji, inji ya ce gazuwal,
aka tura yaro da jarka.

Daga sama Habsu ke kwaɗa kira:
"Baba, ga gulbi! Ga lambuna!
Ga wata tana shanya a kan soro!"
Ba wanda ya yi kuka.
Ni kaɗai ne a ƙasa
nake ji ana cin jaka biyuna da cokali.

Uku ta gota suka sauko.
Teburinmu na nan, ba inda ya gudu,
sai dai wasu mutanen Tibiri sun kewaye shi,
tsohuwarsu na tsotsar ƙashi, idonta a lumshe.
Ƙarƙashin kwalbar yaji ga 'yar takarda:
ILIYASU, 4.
Yaron ya ce, "Mun jira ku rabin awa."
Na buɗe baki, na dubi tsohuwar,
na rufe.

A gindin bedi Barira ta kwance jaka.
Ƙarƙashin zanen salla, ƙarƙashin silifas ɗin yara,
ga kula, da ɗuminta.
Ba ta ce komai ba,
kuma wannan rashin cewar ya fi yaji zafi.

Mai gadi ya taho da sanda:
an hana shigowa da abincin waje.
Ta ce, "To, taya mu ɓoye shi."
Doka ta jingine sanda, ta wanke hannu,
ta ce a ƙara mata mai.

Takardar tana aljihuna har yau,
da ɗigon miyar da ban sha ba.
Jiya Sha'aibu ya ce kuskuren na lokaci ne,
baɗi a kama na ƙarfe huɗu.
Barira ta miƙa masa turmi
ta ce ya kama wannan tukuna.