Haƙori na Shida

Barira ta dawo daga lakwal da takarda a hannu,
wai mushe ya ce kowa ya zano giwa.
Na duba. Sa ta zana, ta liƙa masa tiyo a goshi.
Ban yi dariya ba. A ina za ta gan ta?
Rabon idona da garke a Baban Rafi
tun uwarta na goye.

Zauna, na ce, miƙo fensirin.

Wannan da kika mai da tiyo
hanci ne, leɓe ne, hannu ne,
babu ƙashi ko ɗaya ciki, tsoka ce bisa tsoka.
Na ga ya tumɓuke marke har saiwa,
na kuma ga ya ɗauki aduwa ƙwara ɗaya
da ƴan yatsun nan biyu na bakinsa,
yadda kakarki ke tsince tsakuwa daga wake.

Ƙara faɗin kunnen. Ƙara dai.
Sai ya kai tabarmar da nake salla.
A bayansa jijiyoyi sun yi rassa
kamar Gulbi in ya batse a tsakiyar damina.
Ta kaɗa shi, jini ya sha iska, ya koma ciki da sanyinsa.

Goge kofaton nan.
Bisa yatsu take takawa, da matashin kitse a dunduniya.
Shekara goma sha tara ina gadin daji,
sau biyu ta gifta ni da dare
ban ji komai ba sai warinta.
Ita ko tun ina nesa ta ji ni,
ta ƙasa, ta tafin sawu.

Fatar, ki tsattsaga ta
kamar gaɓar tafkin Madarunfa a bazara,
laka ta sami wurin kwana.
Hauren kuma kar su zo daidai:
wanda ke aiki shi ke gajarta.
Su ma akwai bahago cikinsu.

To, jeki ɗauko dutsen da muke tokare ƙofa.
Da hannu biyu.
Juya shi. Kin ga layukan?
Shekara nawa kina tsallake shi,
ba dutse ba ne, turmin haƙori ne.
Sau shida Allah ke ba ta,
sabo ya taso daga baya ya ture tsoho gaba.
Bayan na shida babu na bakwai.
Wannan na tsince shi bakin ruwa, inda ciyawa ke da taushi,
cikin ƙasusuwan wata tsohuwa.
Shafa ki ji, ya cinye sumul
kamar maniƙin da aka gada.

Barira ta shafa. Ta daɗe tana kallon bakina.
Kaka, ta ce, kai kana na nawa?

Ban amsa ba.
Ta aje haƙorin a hankali bisa tabarma,
ba a bakin ƙofa ba,
ta leƙa madafa, na ji tana ce wa uwarta
tuwon yau a sassauta shi.