Kwanon Mai Faci

Ran Asabar ba ni da aji, babu alli a yatsuna.
Nakan fito da Fonis ɗina tun shagon mai shayi bai yi hayaƙi ba,
kyamara a wuya, cikin tsohuwar safa,
don yayyafin Jos ba ya sallama.

Daga gidanmu gangara ce zalla.
Birki na kuka, ni ina dariya.
Hawan dawowa kuwa bashi ne,
cinya za ta biya da la'asar.

A Taminus na ɗauki tsohuwar kasuwa,
haƙarƙarinta a waje tun gobara,
da wani mai gwanjo a gindinta
ya ɗaga rigar sanyi sama
kamar ginin zai gwada wa.

Farin Gada, kabeji tsibi-tsibi,
taron masu sanƙo.
Nan Kachollom ta kama ni.
"Malam, kawo in gani."
Ta duba, ta ja tsaki. "Ina hamma ka ɗauka? Goge!"
Ta gyara ɗankwali, ta share hannu a zane,
ta tsaya ƙiƙam kamar mai neman fasfo.
Na ɗauka. Ta ba ni karas uku.
Na hammar ban goge ba, Allah Ya yafe mini:
a cikinsa ake ganin ƙarfe huɗun dare
da motar da ta kwaso ta daga ƙauye.

Mafi kyawunsu ba su taɓa shiga ba.
Ɗan sanda ya tsai da tirela da hannu ɗaya,
ɗayan riƙe da gasasshiyar masara.
Akuya a keke napep, ta leƙo
kamar ita ta biya kuɗin gaba.
Kafin in ja birki, in zare safa,
duniya ta gyara zama.

Sai Gada Biyu, rumfar Talle mai faci.
Shekara tara yana tsoma tiyub ɗina a kwano,
bai taɓa yarda na ɗauke shi ba.
"Me za ka yi da fuskar mai faci?
Ga duwatsu can, su ba sa tsufa."

Waccan Asabar famfon iska na jingine,
kwanon a kife.
Sabitu ne kan bencin, ƙafarsa ba ta kai ƙasa sosai ba.
"Baba ya rasu ran Talata.
Inna ta ce, ko kana da hotonsa?
Na jikin katinsa ya koɗe."

Dare uku ina tono.
Dubu huɗu da wani abu:
duwatsu, duwatsu, kududdufan kuza,
bayan mutanen da ban san sunansu ba,
inuwar kekena sau ba adadi.
Na bi maganarsa fiye da kima.

Sai ga ɗaya, na daminar bara waccan.
Ni hadari nake farauta a cikin kwanon.
Hannu biyu, baƙi ƙirin da giris,
kumfa na tashi daga huda, ɗaya bayan ɗaya,
kuma a ruwan, kai a ƙasa,
tsakanin gajimare da wayar lantarki,
ga hula, ga rabin goshi,
ga ido ɗaya yana dariyar wata magana
da na faɗa, na manta.

Na kai aka wanke shi, babba.
Na sa shi cikin rajistar aji uku saboda ruwa.
Hawan Unguwar Rogo da hannu na tura keken.

Inna ta karɓa daga bayan labule.
Shiru.
Na ji motsin takarda, tana juya shi,
gajimare ya koma ƙasa,
Talle ya miƙe zaune.
"Shi ne," ta ce. "Har da hular da na hana shi sawa."

A ƙofar gida na matsa tayar baya.
Tana sacewa a hankali
ta wani wuri da ba na gani.