Amyar Baba Nomau

Shekarar da gero ya ƙi a Bambey,
samari suka bi mota, sai Abijan.
Baba Nomau ya zauna.
Ya saƙa amya, ya yaɓe ta da kashin shanu,
ya rataya a reshen gawo.

Wata uku, ba baƙo sai ƙadangare.
Aka yi ta dariya a bakin rijiya.

Ran da suka zo, ba sallama,
gawon ya wuni yana gunaguni.

Yanzu da dare yake hawa, bakin wuta a hannu,
ya sauko leɓe a kumbure.
"Na bar musu rabi. Su ma da iyali."

Kwalba huɗu, kasuwar Tawa, ran Lahadi.
Takalmina na lakol daga nan ya fito,
shi da jikkar da ya ba ni tana warin hayaƙi.