Layi Goma Sha Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina buga sunayen mamata
a ɗan ofishin da ke bayan ɗakin taro,
inda taga ke kallon tashar jiragen ruwan Valparaíso.
Shugaban tsangayar likitanci ya ce:
layi goma sha biyu ga kowane likita,
kada ki ƙara, takarda ba a ƙasa ake tsintarta ba.
Ranar haihuwa, ranar rasuwa, digiri, muƙami,
sai kuma waɗanda ya bari.
Sauran ni nake haɗiyewa.

Na rubuta: Farfesa Nibaldo Arancibia, masanin huhu,
ya koyar shekara arba'in.
Ban rubuta cewa kafin ya ɗora abin sauraron ƙirji
a bayan majinyaci ba,
sai ya hura masa ɗumin bakinsa,
ya murza shi a tafin hannu,
ya dubi ɗalibai ya ce: ƙarfe mai sanyi ba gaisuwa ba ne.
Ban rubuta cewa taba ce ta ci shi ba,
shi da ya fizge ta daga bakin masunta fiye da ɗari.
Wanzami dai ba ya son jarfa.

Dakta Eliana Oyarzún, likitar tiyata.
A gurbin iyali na sa: babu.
Daren da ƙasa ta girgiza wuta ta ɗauke,
ta ƙarasa ɗinkin cikin wani yaro
da tocilan mai gadi,
ƙurar rufi na zuba a hularta.
Ranar jana'izarta wani ƙato mai furfura,
direban motar da ke hawa tudu,
ya tsaya bakin kabari ya ɗaga rigarsa,
ya nuna mana tabon, karkatacce kamar hanyar unguwarsu.
Bai ce uffan ba.
Na koma ofis na daɗe ina kallon "babu" ɗin nan.

Ba dukansu ne waliyyai ba.
Farfesa Gumercindo Tapia ya sa maza kuka a gaban allo,
yana jifa da alli, ba ya amsa gaisuwa,
ni kaina bai taɓa riƙe sunana ba.
Da ya mutu kujeru sun fi mutane yawa.
Amma ya bar wasiyya a kai gawarsa ɗakin nazarin jiki,
'yan aji ɗaya suka buɗe shi da hannuwa masu rawa,
karon farko kenan da ya koyar
ba tsawa.
Har yau tsofaffin ɗalibansa in za su rufe ciki
suna jin muryarsa a ƙeya: ƙirga audugar, sakarai, sake ƙirgawa.

Maritza Huenchullán kuwa
layi huɗu kawai na samu.
Shekara ashirin da tara, shekarar annoba,
ba ta kai ga muƙami ba, ba ta kai ga komai ba
sai gado na sha bakwai, inda ta kwana tara a tsaye.
Na yi ta buɗe tazara tsakanin kalmomi
don shafin kada ya yi mata yawa.
Kofinta mai tsagaggen baki na nan a kabad,
ba mai sha da shi, ba mai jefarwa.

Bara na ajiye aiki.
Makon jiya tari ya kai ni hawa na uku,
wani yaro sabon likita, gemu bai gama fito masa ba,
ya ce in juya baya.
Sai na ji shi yana hura ƙarfen,
yana murza shi a tafin hannu.
Na ce: wa ya koya maka wannan?
Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce: ban sani ba, Señora,
haka kowa ke yi a nan.
Ja numfashi.

Na ja.