Daren Laraba a Teburin Shayi

Teburina na bakin tasha, ta wajen masu faci:
benci biyu, fitila mai caji,
da rediyon da na ɗaure wa baya da roba.
Daren Laraba, in an gama labarai,
wani likita kan zo da muryar mai lallashin jar akuya,
ya ce, "Maza, layi a buɗe yake.
Ba na son sunan kowa."

Barmo ke fara tsaki.
"Nomau, murɗa muna abin nan.
Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Namijin da ya kai kukansa gidan rediyo
gobe sai ya nemi kallabi."
A yi dariya. Ni ma ina yi,
mai shayi ba ya musu da wanda ke ba da jika bai jira canji ba.

Wannan Larabar bai ƙarasa kofinsa ba.
Ya ce za shi sayen kati.
Ya bar hularsa bisa benci.

Aka sa tallar maganin sauro,
sai likita ya ce, "Alo, muna jin ka."
Shiru.
Sai tari, gajere, sau biyu,
tarin da na sani kamar murfin butata.

"Ni direba ne, ka gane?
Damina biyu ke nan, a hanyar Ɗan Isa,
na ja da baya, yaron motata na ƙarƙashi.
Kowa ya ce ƙaddara. Uwarsa ma ta yafe.
Amma in na kwanta ina jin ana bugun bodi,
kwam, kwam, taho, taho,
har kiran assalatu.
Na sha rubutu, na yi sadakar ƙosai.
Jiya ɗiyata ta ƙwanƙwasa ƙofa,
na daka mata tsawa har kwanon hannunta ya faɗi.
Ka gane? Ban haukace ba.
Ko na haukace?"

Cokali ya tsaya a kofin Cibkau.
Ɗan Lele ya duƙa gyaran takalmin da bai tsinke ba.
Mu bakwai,
ba wanda ya dubi hular nan.

Likita bai yi wa'azi ba.
Ya ce, "Ba hauka ba ne, rauni ne,
kuma yana da masu ɗori, kamar karaya.
Riƙe addu'arka, ka haɗa da zuwa.
Gobe da safe ina asibiti,
ɗakin da ke bayan dogon yaro."

Barmo ya dawo ba kati a hannu.
Ya ɗauki hula, ya ce, "Har yanzu shirmen nan kuke ji?"
Cibkau ya ce, "Batir ya yi sanyi, ba mu ji komi ba."
Na zubar da shayin da ya huce,
na haɗa wani, na ƙara madara ban sa a lissafi ba.

Da safe ban hura gawayi ba.
Na ari babur, na tsaya ƙofar gidansa a Bagalam,
na ce haƙori ya hana ni barci, ya raka ni.
Ya dubi kumatuna da ba su kumbura ba,
ya daɗe yana dubawa.
Sannan ya hau.
Muka wuce kasuwa, muka wuce masu ƙuli-ƙuli, bai ce uffan ba,
sai hannunsa a kafaɗata
da nauyin buhun wake.

Yanzu lambar gidan rediyon na jikin kwalin sukari,
na rubuta ta manya-manya, ban ce wa kowa komi ba.
Shekaranjiya Ɗan Lele ya tsaya gabanta wai yana neman cokali,
leɓɓansa na motsi.

Ni ma na haddace ta.
Ban kira ba tukuna.