Alli a Gadon Baya

Likita Nanret ta ɗaga hoton,
ta kara shi da hasken taga.
Ga gadon bayana, ƙashi bisa ƙashi,
kamar bulon da magini ya jera da sauri.
A tsakani, wasu fararen ɗigo
sun yi cirko-cirko inda ba a gayyace su ba.

Na ce, "Waɗannan fa?"
Ta ce, "Malam Ɗantala, kalsiyam ne ya ɓata hanya.
Gidansa ƙashi, sai ya sauka a nama,
ya daskare a jijiya, dab da laka.
Ka ɗauka alli ne."

Alli!
Na yi dariya har ciwon ya tsawata mini.

Shekara talatin da ɗaya a firamaren Gangare
ina rubutawa, ina gogewa,
farin gari a gira, a gemu, a aljihun riga.
Ashe wani bai bi iska ba.
Ya zagaya ta baya ya nemi wurin zama,
kamar yaron da ya makara
ya laɓe a bencin ƙarshe.

Na san ba haka ba ne.
Ta faɗa mini sau biyu, ba ƙurar aji ba ce.
Amma mutum na son ciwonsa ya zama ɗan gida,
wanda ya san asalinsa.

Ta ce ni ne na biyu da ta taɓa gani.
Ta nemi izinina, ta kira ɗalibanta,
su bakwai, da fararen riguna,
suka tsaya a bayana suna rubutu.
Yau ni ne allon.
Na gyara zama don na baya su gani.

Yanzu sanyin asubar Jos
shi ke fara gaishe ni kafin ladan.
Ruku'u ya yi mini nisa,
sujada sai da kai, a kan kujerar roba.
Jikata Ramatu ke ɗaura mini takalmi,
tana ƙirga ramukan igiya da ƙarfi,
takan tsallake biyar, ina gyara mata.

A hanyar dawowa daga Lamingo
Keke Napep ya faɗa rami, na cije leɓe.
Ta gefe na hango duwatsun nan,
wani a kan wani, kamar za su faɗi,
tun ina yaro suke shirin faɗuwa.

Na ce wa direba, "Bi a hankali, ɗana,
akwai rubutu a bayana
da ba a gama karantawa ba."